Amsoshin Wasiƙunku: Littafin Marayan Da Ya Sa Yaro Kuka

Yau wasiƙa ɗaya tak za mu tsaya a kanta, domin maganar da ke cikinta tana bukatar natsuwa.

Wasiƙar ta fito ne daga wani manomi, wanda kuma yake taɓa fataucin hatsi, daga wani ƙauye a ƙasar Funtuwa. Ya roƙe mu mu sakaya sunansa, mun kuwa sakaya. Ga abin da yake cewa:

"Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina riƙon ɗan ƙanena marigayi, shekararsa 13, yana aji 2 na ƙaramar sakandare. An ba su wani littafin Turanci a makaranta mai suna Oliver Twist. Tun da yaron nan ya fara karanta shi ya canza mini. Rannan da dare na iske shi a zaure da tocila, yana karatu yana hawaye. Na tambaye shi lafiya, ya ce labarin wani maraya ne da ake duka ana hana shi abinci. Ni ban yi boko ba. Uwargidana ta ce in ƙwace littafin in jefa a murhu. Don Allah me ke cikin littafin nan? Gaskiya ne ko ƙage? Me ya sa ake rubuta abin da zai tayar wa yara hankali, har a kawo shi makaranta? In ƙone shi ko in bar masa?"

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa taka, Allah Ya jiƙan ƙanenka, Ya kuma ba ka ladar riƙon maraya. An ce tambaya rabin ilimi. Tambayoyi huɗu ka yi, bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Da farko, me ke cikin littafin. Wani Bature ne mutumin Ingila ya rubuta shi, sunansa Charles Dickens. An haife shi a 1812, ya rasu a 1870. Yana da shekara 25 ya fara fitar da labarin kashi kashi a wata mujalla ta wata wata, daga watan Fabrairu na 1837 har zuwa Afrilu na 1839. Cikakkensa babi 53 ne.

Labarin wani yaro ne, Oliba, wanda aka haifa a gidan gajiyayyu na gwamnati. Uwarsa ta cika jim kaɗan bayan ta haife shi, ba wanda ya san sunanta balle danginta. Aka kai shi reno wurin wata tsohuwa mai tara marayu, tana karɓar kuɗin abincinsu tana cinye mafi yawa. Da ya cika shekara 9 aka mayar da shi gidan gajiyayyun. A can abincin yara kunu ne tsararo sau 3 a rana, sai albasa sau 2 a mako, da rabin burodi ran Lahadi. Da yunwa ta ishe su sai yaran suka yi ƙuri'a a kan wanda zai je ya roƙi ƙari, ƙuri'a ta faɗa kan Oliba. Ya ɗauki ɗan kwanonsa ya je ya roƙa. Mai rabon abinci ya kai masa duka da ludayi, aka kulle shi a ɗaki mai duhu shi kaɗai, ana fito da shi ana yi masa bulala a gaban sauran yara don su ji tsoro. Daga nan aka liƙa sanarwa a ƙofa cewa duk wanda zai raba su da yaron nan za a haɗa masa da fam 5.

Wani mai ƙera akwatin gawa ne ya ɗauke shi. Makwancinsa a shago ne, tsakanin akwatunan gawa, abincinsa na farko kuwa ragowar da aka ajiye wa kare. Wani yaron gidan ya zagi uwarsa marigayiya, Oliba ya fusata ya kai masa duka, aka taru a kansa aka lakaɗa masa na jaki. Sai ya gudu. Ya taka mil 70 a ƙasa, kwana 7, har ya kusa birnin Landan. A nan ya faɗa hannun wani tsoho, Fagin, wanda sana'arsa ke nan tara yara marasa galihu, ya ba su abinci da wurin kwana, ya koya musu yankan aljihu. Wani dattijon kirki, Mista Buranlo, ya tsamo shi, amma ɓarayin suka sake sace shi. Wani ƙasurgumin ɗan fashi mai suna Saikis ya tilasta masa shiga wani gida ta taga da tsakar dare, aka harbe shi a hannu, suka yar da shi a rami suka gudu.

Wurin da ya fi ko'ina tayar da hankali shi ne babi na 47. Akwai wata budurwa, Nansi, wadda ita ma tun tana 'yar ƙarama Fagin ya sa ta cikin sata. Tausayin Oliba ya kama ta, ta je a ɓoye ta tona asirin makircin da ake ƙulla masa. Da Saikis ya ji labari, ya yi ta dukanta har ta mutu. A babi na 50 shi ma igiya ta shaƙe shi yana ƙoƙarin tsere wa jama'a, a babi na 52 kuma an nuna daren Fagin na ƙarshe a kurkuku kafin a rataye shi. Daga ƙarshe ta bayyana ashe Oliba yana da gado, wani yayansa da suke uba ɗaya ne yake biyan Fagin don a lalata yaron ya cinye dukiyar shi kaɗai. Asiri ya tonu, Mista Buranlo ya ɗauki Oliba ya zama ɗansa, ya yi masa tarbiyya.

Ka ji abin da ke ciki, Malam. Akwai yunwa, akwai duka, akwai satar yaro, akwai kisa, akwai cin dukiyar maraya. Ba za mu ɓoye maka ba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Amma babu batsa a ciki, kuma babu inda aka yabi mugu ko aka nuna mugunta abin sha'awa ce.

Tambaya ta biyu, gaskiya ne ko ƙage? Shi dai Oliba ƙagaggen yaro ne, ba a taɓa yin sa ba. Amma abubuwan da suka same shi sun sami dubban yara a Ingila ta wancan zamani. A 1834 majalisar dokokin Ingila ta yi wata doka a kan talakawa. Manufarta ita ce mai ƙarfi a jika da talauci ya kayar kada a ba shi taimako yana gidansa, sai dai ya shiga gidan gajiyayyu ya yi aiki. Da gangan aka tsananta zaman gidajen nan, wai don kada kowa ya yi sha'awar shiga. In iyali suka shiga sai a raba su, miji ɓangarensa daban, mata daban, 'ya'ya daban. A 1845 aka gano cewa a gidan gajiyayyu na wani gari da ake kira Andoba, mutanen da aka sa aikin dakan ƙasusuwa don yin taki, yunwa ta sa suna gwaguyar ruɓaɓɓen naman da ya maƙale a jikin ƙashin. Wannan ba a littafin labari yake ba, a gaban majalisa aka yi bincikensa.

Haka nan a lokacin ana tura ƙananan yara cikin bututun hayaƙin gidaje su share toka, saboda babba ba ya iya shiga. Wasu su ƙone, wasu su maƙale. A cikin littafin ma saura ƙiris a miƙa Oliba ga mai irin wannan sana'a, wani majistare ne ya dubi fuskar yaron ya ga tsoro, ya ƙi sa hannu.

Shi kansa marubucin ya ɗanɗana. A 1824 aka ɗaure ubansa a kurkukun masu bashi a Landan. Dickens yana da shekara 12 aka kai shi wani kamfanin man goge takalma, yana wuni yana liƙa takarda a jikin tukwanen man, ana biyansa sule 6 a mako. Uwarsa da ƙannensa suna kurkuku tare da uban, shi kuwa yana kwana a gidan haya. Abin nan ya tsaya masa a rai har ya ɓoye shi ga jama'a tsawon rayuwarsa, sai bayan ya rasu amininsa John Forster ya bayyana shi a littafin tarihinsa. Wato dai jiki magayi. Wanda ya rubuta labarin nan ya san yadda yaro yake ji in manya suka juya masa baya.

Wannan ya kawo mu tambaya ta uku, me ya sa ya rubuta? Ai masu sayen mujalla a wancan zamani masu hali ne, su ne masu zaɓe, su ne masu zama a kwamitocin da ke tafiyar da gidajen gajiyayyu. In an ce musu yara kaza sun mutu a bana, sai su kaɗa kai su ci gaba da shan shayinsu. Shi ya sa ya ɗauko yaro guda, ya ba shi suna, ya sa su bi shi wata bayan wata har suka ji kamar ɗansu ne. Ku 'yan kasuwa kun san wannan. In aka ce farashin gero ya faɗi, labari ne. In aka ce maƙwabcinka wane ya karye, ya sayar da gonar gado, to nan ne jiki yake sanyi.

Ba za mu ce littafin nan shi kaɗai ya gyara Ingila ba, mutane da yawa ne suka yi ta fama shekara da shekaru, kuma gyaran bai zo da wuri ba. A 1842 aka hana sa yara 'yan ƙasa da shekara 10 aiki a ramin haƙar kwal. Sai a 1875 aka yi dokar da ta kawo ƙarshen tura yara bututun hayaƙi, bayan wani yaro ya maƙale a bututun wani asibiti ya mutu. A 1884 aka kafa ƙungiyar hana zaluntar yara a Landan, a 1889 aka yi dokar da ta ba hukuma ikon shiga tsakanin yaro da mai azabtar da shi, ko da iyayensa ne. Tsarin gidajen gajiyayyun kuwa sai a 1930 aka soke shi a hukumance, shekara 60 bayan mutuwar Dickens. Amma littafin yana cikin abubuwan da suka sa jama'a suka daina ganin wahalar yaron talaka kamar ruwan sama, abin da ba a iya yin komai a kai.

Kuma Malam, kada ka ɗauka Turawa ne kaɗai ke irin wannan rubutu. A gasar rubutun Hausa da aka shirya a Zariya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar. Mene ne a cikinsa? Yaro ne maraya aka sace yana ƙarami a zamanin bauta, ya bi hannu hannu har aka ƙetare hamada da shi. Uwarsa ta bazama nemansa, ita ma aka kama ta aka bautar, ta sha azaba iri iri, ba su sadu ba sai dab da ajalinta. Iyayenmu da yayyenmu sun karanta shi a makaranta, wasu sun yi kuka, a 1976 ma aka mayar da shi fim. Ko tatsuniyoyin da kakanninmu mata suke yi mana a dandali, nawa ne a cikinsu labarin marainiya da kishiyar uwa? Kuma ga ƙissar Annabi Yusufu, alaihissalam, wanda 'yan'uwansa suka jefa a rijiya yana yaro, aka sayar da shi da 'yan kuɗi kaɗan. Ba wanda ya taɓa cewa a ɓoye wa yara ita. Ana ba da irin wannan labari ne don yaro ya san mugunta da kamanninta, ya ƙi ta, in ya girma kuma kada ya aikata.

Sai dai akwai aibi guda a littafin da ya kamata malami ya faɗa wa ɗalibai. Dickens ya yi ta kiran Fagin da sunan ƙabilarsa, wato Bayahude, kamar muguntar tasa daga ƙabilar ta fito. A 1863 wata mata Bayahudiya, Eliza Davis, ta rubuta masa wasiƙa ta nuna masa ya zalunci mutanenta. Daga baya ya rage kalmar a wurare da yawa cikin sabon bugu. Darasi ne ga yaranmu: mugu mugu ne, ba a jingina halinsa ga ƙabilarsa ko addininsa.

To, sai tambaya ta ƙarshe, a ƙone ko a bari? Amsarmu ita ce kada ka ƙone. In ka ƙone, takarda ka ƙone, abin da ya riga ya shiga zuciyar yaro yana nan. Bugu da ƙari ka bar shi a tsakiyar labari, Oliba yana hannun ɓarayi, bai ga inda aka cece shi ba. Sannan ka koya masa cewa in abu ya dame shi ya ɓoye maka. Ga abin da muke ba ka shawara.

Na ɗaya, ka je makarantar ka ga malamin da ya ba su littafin, cikin girma da arziki. Ka tambaye shi cikakken ne ko taƙaitacce. Galibi wanda ake ba 'yan ƙananan azuzuwa taƙaitacce ne, an sassauta wuraren da suka yi tsanani. In cikakken ne, ka roƙe shi ya riƙa gaya wa yara tun da wuri in za a zo wuri mai nauyi, kamar babi na 47, wanda ba zai iya ba a yarda ya tsallake. Malami nagari ba zai ƙi wannan ba.

Na biyu, a daina karatun nan da dare shi kaɗai a zaure. Ya karanta da rana, ko da yamma a tsakar gida inda akwai motsin mutane. Kuma ba laifi a gaya masa ƙarshen labarin tun yanzu, cewa Oliba ya tsira, azzalumai kuma sun ga sakayya.

Na uku, ka ce ba ka yi boko ba. Wannan bai hana komai ba, wataƙila ma ya fi. Ka ce masa, "Zo ka ba Baffa labarin nan da Hausa, ina so in ji." Kullum in ya karanta babi ya zo ya fassara maka, ko a gona kuna hutawa a gindin bishiya, ko a hanyar kasuwa. Kana tambayarsa: wa ya kyauta a nan, wa ya yi zalunci, da kai ne majistaren nan me za ka yi? Turancinsa zai ƙaru, nauyin kuma ya zama ku biyu kuke ɗauka.

Na huɗu, kuma wannan ya fi sauran muhimmanci. Hawayen yaro a kan labari ba cuta ba ne, sau da yawa alamar tausayi ce, abin a gode wa Allah. Amma ka tuna yaron nan maraya ne yake karanta labarin maraya. Mai yiwuwa ubansa ya tuna. Mai yiwuwa kuma akwai abin da ke damunsa wanda bai iya faɗa ba, sai littafin ya faɗa a madadinsa. Malam, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mutumin da ya tashi da dare ya duba yaro, har ya nemi wanda zai rubuta masa wasiƙa a kansa, ba a zarginsa da rashin kula. Amma kai kana gona, kana kasuwa, ba kullum kake gida ba. Ka sa ido. Kwanonsa ɗaya da na 'ya'yanka? In an yi ɗinkin salla ana yi da shi? In an yi ɓarna a gida, wa ake fara kira? Akwai mai yi masa gori da mutuwar ubansa, a gida ko a makaranta? Gonar da ubansa ya bari, ya san tana nan ana adana masa? Ka tambaye shi a keɓe, da murya mai taushi, ba sau ɗaya ba. Ita ma uwargida a jawo ta cikin maganar da lalama, don mai yiwuwa tausayi ne ya sa ta ce a ƙone.

Wannan magana ba ta mai wasiƙa ba ce shi kaɗai, ta dukanmu ce. In yaro ya daina cin abinci, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, ko yana firgita cikin barci kwana da kwanaki, ko ya riƙa gudun wani mutum guda, ko aka ga tabo a jikinsa ya kasa bayani, to a bincika. In ya buɗe baki ya ce wani yana cutarsa, a saurare shi, kada a ƙaryata shi, kada a doke shi, kada a ce ya ja wa gida abin kunya. In taɓa shi aka yi ta hanyar lalata, mace ko namiji, a garzaya asibiti nan da nan, kada a wuce kwana 3, domin akwai maganin kariya daga cutar ƙanjamau da ba ya aiki in an wuce awa 72. Sannan a sanar da mai unguwa ko dagaci, da 'yan sanda, da ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma. Kada a kashe maganar a zaure don gudun surutu, wanda aka rufa wa asiri yau gobe wani yaron zai nema. Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da yarjejeniyar haƙƙin yara a 1989, Nijar da Nijeriya duk sun amince da ita, Nijeriya kuma ta yi tata dokar haƙƙin yara a 2003. Amma doka tana takarda ne, ba ta ganin abin da ke faruwa a bayan danga. Maƙwabci ne yake gani.

Kuma in mun ji labarin Oliba, kada mu tsaya ga cewa kai, Turawan da ba su da imani. Mu waiwaya tasharmu da kasuwarmu. Yaron da ke kwana a rumfa ba wanda ya san inda ya fito, da yarinyar da aka kai aikatau birni ana karɓe kuɗinta, da 'yar tallan da ba ta isa ta koma gida da ragowar kaya ba, da almajirin da aka kai aka manta ba a ko leƙa shi, duk suna gabanmu. Irin su Fagin kuwa, masu jawo yaro da abinci da daɗin baki su sa shi a mugun hanya, ba su ƙare ba. Inda manyan kirki suka kau da kai, nan suke samun shiga. Hausawa suka ce ɗa na kowa ne.

Saboda haka Malam, ka bar masa littafinsa ya kai ƙarshe, kai kuma ka zauna kusa. In ya gama, in an sami Shaihu Umar a nemo masa, wannan karon ya karanta muku da Hausa ku duka gida ku ji. Muna kuma roƙonka ka sake rubuto mana ka gaya mana yadda kuka ƙare da malamin, da yadda jikin yaron yake. A gaishe mana da shi, a gai da uwargida.

Jama'a, a nan za mu dasa aya. Mai tambaya ya aiko, ko a kan noma, ko kasuwa, ko lafiya, ko karatun yara, in Allah Ya yarda za mu nemo amsa gwargwadon iko. Sai mako mai zuwa war haka in Allah Ya kai mu. Allah Ya raya mana zuriya, Ya ba mu ikon riƙe amanar marayu. A huta lafiya.